Yadda nake zaɓen kayan sa ido a kan rumbun bayanai

Wata safiya aka kira ni a wurin aiki, an canza lambar asusun wani ma'aikaci a teburin albashi. Na buɗe rajistar ayyuka, inda ake rubuta wa ya yi me a rumbun bayanai, wayam. Wanda ya yi canjin yana da makullin sabar, rajistar kuma a kan wannan sabar take, sai ya share sawunsa. Tun daga ranar, kafin in zaɓi kowace manhaja sai na tambaya: wa ke da ikon goge abin da ta rubuta?

Ka fara da abin da ya dace da rumbunka. In PostgreSQL ne, ka saka pgAudit, manhajar da ke rubuta masa wannan rajista. MariaDB tana da nata na kyauta. A MySQL kuwa, na Oracle, kamfanin da ya mallake ta, sai ka sayi bugun Enterprise, shi ya sa wasu ke komawa ga na kamfanin Percona. SQL Server Audit yana nan tun fitowar 2008, Oracle kuma ta kawo Unified Auditing a bugun 12c na nata rumbun.

Kada ka ce komai sai an rubuta. A pgAudit ni ddl da role da write nake kunnawa, wato canjin tsarin tebura, ba da izini ko janye shi, da taɓa bayanan kansu. In ka kunna read a ko'ina, kowane SELECT, wato umarnin karanta bayanai, zai shiga rajista, faifai ya cika, rumbun ya tsaya cak. Tebura masu sirri kaɗai nake sa wa wannan, ta hanyar saitin pgaudit.role. Ka yi hattara da saitin log_parameter ma, mai rubuta ƙimomin da aka tura tare da umarni, don yana iya kwashe lambobin kati ya zuba su cikin rajistar a fili.

Rajistar kuma kada ta kwana inda aka rubuta ta. Ka tura ta nan take da rsyslog, manhajar tura rajista, zuwa wata sabar da mai kula da rumbun ba ya shiga. Don bincike a cikin rajistar, manhajar Graylog ko Wazuh sun wadatar da ni; Splunk yana da kyau in kasafi ya ɗauka. Tsofaffin rajistoci kuma ina kulle su da S3 Object Lock, tsarin Amazon mai hana gogewa ko canzawa. In kana riƙe bayanan katin banki, PCI DSS, ƙa'idar tsaron bayanan kati, ta wajabta ajiyar rajistar wata 12, na wata 3 na ƙarshe su kasance a hannu.

Ka daidaita agogon duk sabobin da NTP, tsarin daidaita agogon kwamfutoci, a kan UTC, lokacin duniya na bai ɗaya. Sannan ka gwada da kanka: ƙirƙiri mai amfani na gwaji, ba shi izini, ka goge shi, ka je can sabar ta biyu ka tabbatar ukun sun fito da sunanka da lokacin da ka yi su.