Babi Na Shida: Taimaka Wa Yaro Ya Shirya Jakar Makaranta

Wannan babi na iyaye ne da kakanni da duk wanda yake riƙon yaro ɗan firamare. Ba sai kun ƙware a karatu za ku iya abin da ke cikinsa ba. Idan kuna iya gane sunayen ranakun mako a rubuce, kamar yadda muka koya a ajinmu na karatun manya, to kun isa. Abin da za ku tanada shi ne tabarma, da farar takarda guda, da biro, da leda biyu masu kauri, da ƙusa ɗaya.

Darasi Na Ɗaya: Zazzage jaka

Lokacin wannan aiki shi ne tsakanin magariba da isha'i, ko kuma bayan isha'i kafin barci ya ɗauki yaro. Kada ku bari sai da safe, domin da safe ana neman takalmi, ana dama koko, ana kiran yaro daga ƙofar gida, babu wanda hankalinsa yake kan littafi.

Ku shimfiɗa tabarma, ku kira yaron ya zauna kusa da ku. Shi zai buɗe zik da hannunsa, ya juya jakar ya zazzage komai. Komai ake nufi, har da ƙaramin aljihun gaba da na gefe. Za ku ga ɓawon gyaɗa, da ƙwallon dabino, da ledar awara mai maiƙo, da guntun fensir, wataƙila har da takardar da malami ya aiko muku tun makon jiya yana kiran taron iyaye. Kada ku yi faɗa a daren farko, domin yaron da aka yi wa tsawa a kan jaka gobe ɓoye ta zai yi. Ku raba kayan kashi uku: na shara, na ajiyewa a gida, da na komawa cikin jaka. Idan kun ga reza, ku ɗauke ta nan take, ku saya masa abin fiƙe fensir, domin reza tana yanka yatsa, tana kuma keta jaka.

Darasi Na Biyu: Layin gobe, ba na yau ba

Kowane aji yana da jadawalin darasi, wato takardar da take nuna darasin da za a yi a kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a. Sau da yawa da Turanci ake rubuta shi. Ku je wurin malamin ajin, ko ku sa babban yaro a gida, ya kwafe muku shi da Hausa da manyan baƙaƙe, kowace rana da layinta. Babu abin kunya a wannan roƙo, malamai suna murna da iyayen da suke zuwa tambaya. Ku liƙa takardar a bango daidai tsayin idon yaro.

Yanzu ku natsu, domin a nan ne mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe. Jakar da ake shiryawa da dare ta gobe ce. Saboda haka layin da za ku duba a jadawali shi ne layin gobe, ba layin yau ba.

Ga yadda kuskuren yake faruwa. Uwa ta tambayi kanta, yau wace rana ce? Ta ce Talata. Sai ta ɗora yatsa a kan Talata, ta sa yaro ya zuba littattafan Talata, ta rufe jaka tana ganin ta gama. Gari ya waye Laraba, yaro ya tafi da littattafan ranar da ta riga ta wuce, malamin Lissafi ya shigo, littafin Lissafi kuwa yana gida. Ta karanta daidai, ta yi ƙoƙari, amma ta tsaya a layin da bai kamata ba.

Ku bi wannan hanya. Ku ɗora yatsa a kan ranar da kuke ciki, ku faɗi sunanta da ƙarfi. Sannan ku sauko da yatsa layi ɗaya, ku faɗi sunan ranar da kuka sauka a kanta. A nan za ku tsaya. Idan yau Litinin ce, yatsa zai tsaya a kan Talata. Idan yau Talata ce, zai tsaya a kan Laraba. Idan Laraba ce, sai Alhamis. Idan Alhamis ce, sai Juma'a. Ranar Lahadi da dare kuma, ku koma can sama, layin farko, wato Litinin.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun daga magaribar Alhamis muke cewa an shiga daren Juma'a. To, daren Juma'a jakar Juma'a ake shiryawa, daren Laraba kuma, wato Talata da dare, jakar Laraba.

Ku kula da Litinin da Laraba, domin duka biyun da baƙin L suke farawa, kuma wanda bai daɗe da fara karatu ba yakan ga baƙin farko ya yanke hukunci. Ku karanta har ƙarshen kalma: Li-ti-nin, La-ra-ba.

Idan yatsa ya tsaya, ku karanta darussan layin ɗaya bayan ɗaya. Ku ce: "Usman, gobe Laraba, akwai Lissafi, ina littafin Lissafi?" Shi kuma ya ɗauko ya ce: "Ga shi, Inna." Ku buɗe shafi na ƙarshe da aka yi rubutu, ku tambaye shi ko an ba da aikin gida, kuma ko ya yi. Sai ya saka littafin, ku wuce darasi na gaba. Littafin da babu darasinsa gobe ya zauna a gida, a cikin leda ko kwali, nesa da gara da ƙananan yara.

Zan faɗi wata magana ko da ba za ta yi daɗi ba. Akwai waɗanda na nuna wa wannan a allo, suka ce sun gane, suka dawo aji suna cewa tsarin ba ya aiki, da na bincika sai na tarar ko takardar ba su liƙa a bango ba, da ka suke yi. Wasu kuma sun gaji da dubawa, sun ce yaro ya kwashi littattafan duka kowace rana, a huta. Wannan ba hutu ba ne, ɗora wa yaro wahalar da ku kuka guje wa ne. Kun fito neman ilimi da girmanku, kun zauna a benci kuna haɗa baƙi, abin da mutane da yawa suka kasa, to kada saukar da yatsa layi ɗaya ya gagare ku. Kafin ku wuce zuwa darasi na uku, ku rufe littafin nan ku amsa: idan yau Laraba ce da dare, littattafan wace rana za ku saka? Idan kun ce Alhamis, madalla. Idan kun ce Laraba, ku sake karanta darasin nan, ba laifi ba ne.

Darasi Na Uku: Jera kaya da nauyin jaka

Manyan littattafai su shiga farko, a tsaye, a ɓangaren da yake manne da bayan yaro. Littattafan rubutu, masu falle 40 ko 60, su biyo baya. Fensir da biro da rula da abin goge rubutu su zauna wuri ɗaya a aljihun gaba, kuɗin tara kuma a ƙaramin aljihu mai zik. Abinci yana shiga ledarsa a ɗaure, gorar ruwa tana tsayawa a aljihun gefe, kada ta kwanta a kan littafi.

Masana lafiyar yara suna ba da shawara kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Ga yaro mai kilo 25, kashi 10 shi ne kilo biyu da rabi, wato nauyin ledar ruwan sha guda 5. Idan kun ga yana sunkuyawa gaba yana tafiya, jakar ta yi nauyi. Ku koma jadawali, ku duba layin gobe, ku cire abin da ba na gobe ba. Ya rataya hannun jakar duka biyu a kafaɗa.

Darasi Na Huɗu: Jakar Islamiyya da wurin ajiya

Idan da hali, jakar Islamiyya ta zama daban, domin ranakunta ba ɗaya suke da na boko ba, kuma bai dace Alƙur'ani ya haɗu da ledar abinci ba. Ku kafa ƙusa a bango, jaka ta kwana a rataye, ɓera da kiyashi ba za su same ta da sauƙi ba. Da damina, musamman a watan Agusta da ruwa yake yawa a Katsina, ku sa littattafan cikin leda kafin su shiga jaka.

Darasi Na Biyar: Gyara

Ranar Asabar a kakkaɓe jaka, a goge ta da tsumma mai ɗanshi. Idan zik ya cije, a goga masa kyandir. Idan hannu ya fara tsinkewa, a kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinke. Daga aji huɗu yaro ya shirya jakarsa da kansa, ku dai ku tambaye shi layin wace rana ya duba.