Yadda na ceto wake daga ƙwaro

Farin ɗigon da ke manne a jikin wake ba ƙura ba ce, ƙwan ƙwaro ne. Tsutsar a ciki take ci, bayan mako 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro, ya huda rami ya fito. Shi ya sa sheƙa kaɗai ba ta magani.

Tiya 5 na baza kan baƙar leda, na lulluɓe da farar leda mai nuna ciki, na danne gefuna da duwatsu, awa 2 a ranar azahar ta Kano. Zafin da ya haura digiri 57 yana kashe har ƙwan, amma in gefe ya buɗe, aikin banza ne. Da ya huce na cika jarka maƙil na toshe. In ba ta cika ba, ragowar iska za ta rayar da ƙwaron.