Kwance Amortisar ɗin Gaban Moto a Gida: Inda Sabon Hannu Ke Yawan Tuntuɓe

Moton da ke bin yashin unguwannin Tahoua da ramukan hanyar Arlit ba ya daɗewa amortisar ɗinsa na gaba bai fara yoyo ba. Za ka ga zoben mai ya kewaye bututun nan mai sheƙi, ƙura ta manne masa ta yi baƙi, in ka taka birki kuma gaban moton ya nutse har ka ji "ƙwas". 'Yan kabu-kabu sun fi kowa sanin wannan. Aikin ba ya gagarar mai ƙaramin akwatin kile a gida, sai dai yawancin ɓarnar da sabon hannu ke yi ba daga rashin ƙarfi ko rashin kayan aiki take zuwa ba. Daga kwance abu kafin lokacinsa ne.

Dubi murfin saman bututun. Mutum zai cire taya, ya sassauta mariƙan nan biyu da ke ƙarƙashin kan moto, ya zare ƙafar amortisar gaba ɗaya, sannan ya tuna da murfi. Ya sa kile, bututu na juyawa tare da shi. Daga nan sai a ɗauko filaya a damƙe bututun, shi ke nan an kashe shi, domin duk ƙarzar da ta hau wannan santsin za ta riƙa yanka robar mai, wadda ke hana man yoyo, har abada. Tun ƙafar na jikin moto ake karya ƙarfin murfin: ka sassauta kusar mariƙin sama, ka bar na ƙasa a ɗaure, ka juya murfin kamar rabin zagaye, ka tsaya. Haka ma kusar gindi, mai rami kusurwa shida da ke ɓoye a saman inda ƙarfen taya ke ratsawa. Ita ce ke riƙe da sandar da ke ciki, kuma rasor, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, shi ne ke danne sandar ta ƙi juyawa. In ka riga ka fitar da rasor, kusar za ta yi ta yawo da sandar, ba ta fita ba ta ɗauru. Ka karya ƙarfinta tun rasor na ciki. Wanda ya riga ya yi kuskuren, ya mayar da rasor da murfi, wani ya danna ƙafar da ƙarfi, shi kuma ya buga kilen da sauri.

Kafin duk wannan akwai maganar tsayuwar moton. Da zarar tayar gaba ta fita, nauyi ya sauya. A kafa shi bisa tsayuwar tsakiya a kan ƙasa mai tauri, ba cikin yashi ba, a sa katako ko bulo a ƙarƙashin inji. Kuma a ɗauki hoton yadda wayar birki, ta mita da ta fitila suka bi, da salula, tun ba a taɓa komai ba.

Murfin nan yana da rasor a matse a ƙarƙashinsa. Zaren ƙarshe na saki zai yi tsalle. Danne shi da tafin hannu kana juyawa, fuskarka a gefe.

Yanzu ga abin da ya fi cin mutane a garinmu: yashi. Ana shimfiɗa kayan ciki a ƙasa, iskar hunturu na kaɗawa, a ɗauka a goge da tsumman da aka goge sarƙa, a mayar. Ƙwayar yashi ɗaya a leɓen robar mai ta isa ta dawo da yoyon cikin mako. A wanke ƙafafun tun suna jikin moto, a shimfiɗa buhu mai tsabta ko kwali cikin zaure inda iska ba ta shiga, a jera kayan bi da bi yadda suka fito. A gama ƙafa ɗaya kafin a buɗe ɗayar, ta haka in an rikice akwai abin dubawa. Sannan a bi bututun da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farce ya sarƙe, tsatsa ce ko ƙarza. Ƙarama tana gyaruwa da takardar goge ƙarfe mafi laushi da ɗan mai. Mai zurfi kuwa, a daidai inda roba ke hawa da sauka, ko sabuwar roba goma ka sa za ta zuba.

Robar mai tana da fuska biyu. Gefen da ke da ɗan siririn zoben waya a ciki shi ke kallon ƙasa, wajen mai. Gefen da ke da rubutu yana kallon sama. Juya ta kuskure ne da ba a gani sai an hau titi. A samanta akwai zoben ƙarfe da ke zaune cikin tsagi, a ƙarƙashin robar ƙura. Wasu ba su san da shi ba, sai su yi ta ƙwaƙular tsohuwar robar har bakin ƙafar ya tsage, kuma ƙafar alminiyom ce, ba ta da haƙuri. Wajen sa sabuwa, a rufa wa kan bututun leda, a shafa mai, a zura ta a hankali. Kada a buga ta da bakin ƙarfe. Guntun bututun roba irin na famfo, ko tsohuwar robar a ɗora a kai, su ake bugawa har tsagin zoben ya bayyana sarai.

Mai kuma, a nan ne ake son arha. Na ga ana zuba tsohon baƙin man inji, wanda ke cike da garin ƙarfe. Ko sabon man inji mai lamba 20W-50 ya yi wa yawancin ƙananan moto kauri, gaba ya yi tauri, kowane rami ya zo maka har kafaɗa. Man amortisar mai lamba 10W shi ne aka fi amfani da shi. In bai samu ba, jan man giya na ATF ya fi man inji dacewa, tsofaffin ƙananan Honda ma da shi ake cika su. Yawansa ya danganta da irin moton, a moto mai inji 125 bai cika kaiwa kwatan lita a ƙafa ɗaya ba. Kada ka dogara da abin da ya fito daga ƙafar da ta daɗe tana yoyo. Zuba, ka yi ta ja da turawa har kumfa ta daina fitowa, ka tura bututun ƙasa gaba ɗaya ba tare da rasor ba, ka auna daga baki zuwa saman mai. Ƙafafun biyu su zo daidai. In ya yi yawa, iskar da ke sama ba ta da wurin matsuwa, sai ta huce a kan roba.

Mai son sauya ƙafafun ɗungurungum, nasa kuskuren a kasuwa yake faruwa. Kasea, Haojue, Royal, duk a ido kamar uwa ɗaya ta haife su, amma kaurin bututu na iya zama milimita 30 a wannan, 31 a wancan, kuma milimita ɗaya ta isa ta hana shi shiga mariƙi ko ta sa ya yi rawa a ciki. Tafi da tsohuwar ƙafar a hannu. Gwada kauri, tsawo, faɗin ramin ƙarfen taya, da mazaunin birki, domin ƙafar birkin faifai daban take da ta birkin ganga. In na hannu ne, ko daga Konni aka kawo su ko daga Katako ta Yamai, a zare bututun a mirgina shi bisa gilashi. Lanƙwasasshe zai riƙa ɗaga kai. Ni ban yarda da bututun da aka miƙe da guduma ba, kuma ban yarda a sauya ƙafa ɗaya a bar ɗaya ba.

Wajen mayarwa, tsayin bututun biyu a mariƙin sama ya zama ɗaya. Kusoshin mariƙi ba sa son a hau kile da ƙafa. Matsi in ya wuce kima yana shaƙe bututun. Mai birkin ganga ya tabbatar tsagin faifan da ke ɗauke da takalman birkin ya shiga ɗan haƙorin da ke jikin ƙafar, in ba haka ba birkin farko zai juya faifan ya tsinke waya. Mai birkin faifai kada ya bar kan birkin na lilo a jikin tiyo, kada kuma ya matsa hannun birki alhali taya na waje. Idan man da ya yi yoyo ya jiƙa takalman birki, a sauya su, wanki ba ya fitar da shi.

Ɗaure ƙarfen taya, ka sauke moton ƙasa, ka riƙe birki ka danna gaban sau biyar ko shida ƙafafun su sami mazauninsu, sannan ka ɗaure kusar da ke matse ƙarfen, in motonka na da ita. Matsa birki har ya yi tauri kafin ka tayar da inji, ka juya kai dama da hagu ka ga babu wayar da ke ja. Zagayen farko a yi shi a hankali cikin unguwa, ba fasinja, a dawo a shafa yatsa a bututun a duba.