Sayar da kayan da ba ka riƙe ba a intanet: inda matasan Yamai suka fi yin tuntuɓe

Wata Asabar bayan la'asar muna zaune a fada, ana jiran shayi na biyu, sai ƙanen wani abokina ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, dubi wannan ka gaya mini gaskiya." Bidiyo ne na wani Bafaranshe yana koyar da abin da ake kira diropshipin. Ka kwafi hoton kaya daga kasuwar intanet ta Amazon, ka manna a wata kasuwar, eBay, da ƙarin farashi. In wani ya saya, ka koma Amazon ka biya, ka sa adireshinsa, su kai masa har gida. Ba shago, ba sito, ba jari. Abin da yaron ke son sani shi ne, an yarda da wannan sana'a?

Kuskuren farko yana cikin tambayar. Wa zai yarda? Akwai mai kasuwar da za ka baje koli a cikinta, akwai hukumar ƙasar da kayan za su shiga, akwai kuma shari'a. Kowanne da amsarsa, kuma amincewar ɗaya ba ta wanke ka a wurin sauran.

Mu fara da masu kasuwa, don nan masu bidiyo suka fi ɓoye gaskiya. eBay ba ta hana wani ya aika kaya a madadinka ba, matuƙar babban ɗan kasuwa ne mai sayar da sari da kuka ƙulla yarjejeniya. Abin da ta hana ƙarara shi ne ainihin abin da bidiyon ke koyarwa, wato ka sa kaya a eBay, bayan an saya ka je wani kantin intanet ko wata kasuwa ka saya su aika wa mai sayenka kai tsaye. Amazon ma haka. Sharaɗinta shi ne sunanka kaɗai zai fito a matsayin mai sayarwa, a rasiti da takardar cikin kwali da jikin kwalin, kuma kai za ka karɓi kayan da aka maido. Kwali ya iso da tambarin wani kanti, ka karya doka. Wasu har rajistar Prime, wato tsarin Amazon na masu biyan kuɗin zama mamba, suke amfani da ita don aikawa kyauta, alhali ƙa'idar Prime ta hana a yi saye da ita don sake sayarwa. Kasuwar Etsy ta fi su tsanani. An gina ta ne don aikin hannu, da tsofaffin kaya masu shekara 20 ko fiye, da kayan aikin masu sana'a. Wanda ya ɗebo zobba daga AliExpress, kasuwar intanet ta Sin, ya jera su can da sunan aikin hannu, ƙarya ya yi tun daga bakin ƙofa.

Sai ka ji an ce, "Ai mutane da yawa suna yi, ba a kama su ba." Mai saye da kansa ne ke tona asiri. Ya biya dalar Amurka 50 a eBay, kwali ya zo da tambarin Amazon, ya duba ya ga abin 40 ne. Ko bai kai ƙara ba, lambar bin sawun kaya tana nuna inda suka fito. Hukuncin yakan fara da rage ganin kayanka, ya kai ga rufe asusu. Amazon tana iya riƙe kuɗin wanda ta dakatar har kwana 90, ga shi kai ka riga ka biya kuɗin kayan daga aljihunka.

Gyaran bai da wuya a faɗa. In kana son shiga waɗannan kasuwanni, nemi mai sari na gaskiya, ku yi rubutacciyar yarjejeniya cewa zai aika ba tare da sunansa ba, ya riƙa ba ka rasitin sari, don ranar da kasuwa ta tambaye ka ina ka samo kaya, wannan takardar za ka nuna. In kuwa AliExpress kake son dogara da ita, buɗe naka shagon a Shopify, kamfanin da ke ba mutum damar gina shagon intanet, ko makamancinta, ko ka tsaya a WhatsApp da Facebook inda kai ne mai rumfa.

Kuskure na gaba ya fi ba ni tsoro, don yana ɓata zumunci. Yaro ya ga buɗe asusun mai sayarwa daga Nijar yana da wahala, ana neman fasfo da takardar banki da shaidar adireshi, sai ya kira yayansa da ke karatu a Faransa: "Don Allah buɗe mini da sunanka, ni zan riƙa aiki." Tun 2023 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa kasuwannin intanet su kai wa hukumar haraji bayanin duk wanda ya yi ciniki 30 ko ya haura Yuro 2,000 a shekara. Sunan yayanka za a kai. Shi za a nema da haraji, shi za a tuhuma in kaya jabu ne, ɗalibin da takardar zamansa ke rataye da tsabtar sunansa. Masu sayen asusun da wani ya buɗe kuwa, ranar da aka ce su ɗauki hoton fuska da katin shaida, ranar kuɗinsu ya maƙale. Kafin komai, karanta jerin ƙasashen da kasuwar ke karɓar masu sayarwa daga cikinsu da hanyar da take biyan kuɗi. In babu hanyar da za ta biya ka da sunanka, bar ta. Haka in wani ya ce zai samar maka kaya sababbi a rabin farashi, kai dai ka turo masa adireshin masu saye, ka guje shi. Sau da yawa da katin banki na sata ake biyan irin waɗannan kaya, kuma sunanka ne a kan cinikin.

Sai lissafi, inda ake yi wa rogo kallon kitse. Mu koma kan abin dala 40 da aka sayar 50. Yaro ya ce ya ci 10. eBay takan ɗauki wajen kashi 13 cikin ɗari a yawancin kaya, kuma tana lissafa shi har da kuɗin aikawa da haraji, ga ƙarin da take ɗora wa cinikin ƙetare. Kusan dala 7 sun tafi. Amazon tata kashi 15 ce a yawancin kaya. Saura kuɗin canji kafin dala ta zama sefa a hannunka. Sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, amma dala hawa da sauka take yi. Abin da ya rage bai wuce dala 2 ko 3 ba, kuma mutum ɗaya ya maido kaya ya cinye ribar ciniki fiye da goma. A Turai doka ta ba mai saye a intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba. Ina zai maido kayan? Unguwar Bukoki?

Yawancin bidiyon nan ma tsofaffi ne. An yi su lokacin da ƙananan kaya daga Sin ke shiga Turai da Amurka babu haraji. Turai ta soke sassaucin kayan ƙasa da Yuro 22 tun 1 ga Yuli 2021, Amurka kuma ta soke nata na dala 800 a 2025. Duba ranar da aka ɗora bidiyo kafin ka gina buri a kansa.

Amma gaskiya, mafi yawan masu wannan sana'a a Yamai ba Turawa suke sayar wa ba. Hoto ake ɗauka daga shafukan Sin irin su AliExpress ko Alibaba ko 1688, a sa a WhatsApp, wata hajiya a Yantala ko wani ma'aikaci a Tawa ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, sannan a saya. Nan babu kamfanin da zai rufe maka asusu. Sunanka ne a kasuwa, da kuma abin da ke tsakaninka da Allah.

Babban laifinmu a nan kalma ɗaya ce: "Akwai." Mai saye ya tambaya, ka ce akwai, alhali kayan suna Guwanzu, ba ka taɓa ganinsu ba. Na yi wannan kuskuren da kaina. Gab da wani azumi na karɓi kuɗin mutum shida na fanka mai caji, na ce musu sati biyu. Mai kayan ya aiko wani samfuri da batirinsa bai kai na hoton ba, kuma sai bayan salla suka iso. Na maida kuɗin mutum huɗu daga aljihuna. Wata dattijuwa cikinsu ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai, "Ɗana, da ka ce mini babu a hannunka, da na saya a Babbar Kasuwa na sha iska cikin azumi." Har yau maganar tana damuna.

Hadisin Hakim ɗan Hizam sananne ne. Ya ce wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutum kan zo ya nemi abin da ba shi da shi, sai ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo. Aka ce masa kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa. Wasu daga nan suke cewa sana'ar duka haramun ce, wasu kuma su toshe kunne. Duka biyun sun yi gaggawa, don shari'a ta bar ƙofofi a buɗe.

Ɗaya ita ce salam, cinikin da mutanen Madina ke yi kan dabino, aka tabbatar musu da shi da sharaɗin sanannen mudu, sanannen awo, sanannen lokaci. Ba wani takamaiman abu kake sayarwa ba, alkawari ka ɗauka a wuyanka na kawo kaya masu siffa kaza ranar kaza. Wanda ya karanta Risala a zaure ya san sauran: a siffanta kaya sosai, a yanka wa'adi, wanda aka fi so ya kai kwana 15 ko ya zama a wani gari za a karɓa, a kuma biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, jinkirin da aka yafe bai wuce kwana biyu ko uku ba. Nan al'adarmu ta "ba da rabi, in kaya sun zo ka cika" take samun matsala, don sauran rabin ya zama bashi a kan bashi. A salam kuma, kaya suka ɓata a hanya, asararka ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ɗaya ƙofar ita ce wakilci, abin da dillalai ke yi tun kaka da kakanni. Ka gaya wa mutum kai ɗan aike ne, kayan jikka 20 ne, jigila da duwan kaza, ladanka jikka 3. Ba ka da ikon ɓoye ƙari a cikin farashi, amma amana ce a hannunka, in ba sakaci ka yi ba asara ba taka ba ce. Ko kuma ka zama wakilin mai kayan, da saninsa, yana ba ka kamasho. Kuskuren da na fi gani shi ne haɗa biyun ta inda ya fi daɗi: lokacin cin riba mutum ɗan kasuwa ne mai ɓoye farashi, lokacin asara sai ya ce ai shi aike kawai aka yi masa. Zaɓi ɗaya, ka faɗa tun kafin a turo kuɗi. Zinariya da azurfa da kayan abinci suna da nasu hukuncin na musamman, ka zauna da malaminka kafin ka taɓa su.

Wa'adin da kake yankawa kuma ya dace da hanyar da ake da ita yau. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 gadar Gaya da Malanbil ta kan iyakar Benin ta daina zama hanyar da aka saba, kayan teku da yawa sun koma sauka a Lome su ratso Burkina Faso, manyan motoci suna jiran ayari. Kwanakin da shafin Sin ya rubuta ba su san da wannan ba. Kayan jirgin sama sun fi sauri, amma a kilo ake biya, kuma masu batir suna da nasu farashi da sharaɗi. Tambayi mai jigilarka kwana nawa kayansa na ƙarshe suka yi, ka ƙara sati biyu a kai. Sa kuɗin duwan cikin lissafi tun farko, kada kaya su iso ka kira mutum ka ce ya ƙaro. In harkar ta fara girma, je ka yi rajistar kasuwanci ka karɓi lambar haraji ta NIF.

Kada kuma ka tallata abin da ba ka taɓa riƙewa ba. Cinikin biri a sama ke nan, gare ka da mai sayenka. Sayi guda ɗaya, ka gwada shi a zafin watan Afrilu da ɗaukewar wuta, ka ɗauki hotonsa da wayarka. Takalmi mai tambarin Nike na jikka 5 kuwa kowa ya san ba na asali ba ne, ka faɗa da bakinka, a kasuwannin waje ma kada ka kusance shi.

Ƙanen abokin nawa ya fasa zancen eBay. Fitilu masu aiki da hasken rana yake kawowa yanzu, da saƙon da muka rubuta tare, wanda yake tura wa kowa kafin ya karɓi ko dala: "Hajiya, kayan ba sa hannuna, daga Sin zan sayo miki. Kuɗinsu jikka 12, jigila da duwan jikka 4, ladana jikka 2. Za su iso cikin kwana 45 in Allah ya yarda. In sun wuce haka zan kira ki da kaina."