Kurakuran da ake yawan yi wajen haɗa kwamfutar jin kiɗa a falo

Mutane da yawa nan Katsina in sun tashi haɗa kwamfuta da sifikun falo, kuɗin duka sai su juye shi kan kwamfutar, sannan a lalubo wata tsohuwar waya a durowa a jona, kuma a zo ana cewa sauti bai fita. Ɗan uwa kunna waƙa ba wani aiki bane wurin kwamfuta. Laftop ta hannu ko ƙaramar Dell ko HP irin ta ofis mai Core i3 da RAM 4GB ta isa har da saura. Fankarta zaka duba, ka sa a kunna maka ita tun a shago ka kara kunne, in tana huci ka bar masu abinsu, dan da dare in unguwa tayi tsit ita zaka riƙa ji ba kalangu ba.

Sai wurin jonawa. Wayar da kake so ita ce mai kai ɗaya irin na iyafis, 3.5mm, ɗaya gefen kuma kai biyu ja da fari. A bayan amfilifaya ka nemi AUX ko LINE IN ko CD. Kar ka kuskura ka cusa ta a MIC ko PHONO, waɗannan ramukan an yi su ne dan sauti mai rauni sosai, su suke ƙara mashi ƙarfi, in ka basu na kwamfuta sai yayi masu yawa muryar ta fashe, mutum ya ɗauki lafiyayyar sifika ya kai ma mai gyara.

Abinda yafi damun mutane kau shine ƙugin nan, zuuuu, da baya tsayawa ko babu waƙa. Kafin ka kashe ko naira ɗaya ka zare cajar laftop ɗin ka saurara. In ya ɗauke to daga wuta yake, ko cajar jabu ce, ko kuma kwamfuta na soket ɗin nan amfilifaya na wancan. Ka haɗa su duka a soket ɗaya mai ramuka da yawa, ka raba wayar sauti da wayoyin wuta kar su nannaɗe da juna a bayan talabijin, ka nemi cajarta ta asali. Wasu sai su karya ƙafa ta uku ta fulogi wai ƙugin ya tafi, dan Allah a bari, ƙafar nan ita ke tare ka in wuta ta zubo jikin ƙarfe, kuma falo ne fa yara na rarrafe. In kuma ƙarar siririya ce irin ssss, tana canzawa in ka motsa maus, wannan daga cikin kwamfutar take, ɗan katin sauti na USB wanda ake ce ma DAC yakan magance ta. Inbata mai araha ma tana sa ƙugi, a gwada da wutar nefa a ji bambanci. Sitabilaiza kuwa dole ce, kuma amfilifaya ita ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Akwai kuma su kansu waƙoƙin. Abinda aka ciro daga bidiyo aka yi ta turawa a WhatsApp, a waya zaka ji shi lafiya lau, amma babbar sifika sai ta tona mashi asiri. Ka duba nauyinsa, waƙar minti 5 a MP3 mai 128 (lambar kbps, wadda ke nuna ingancin sautin) bata kai 5MB ba, mai 320 kuma tana kai 12MB. Ka nemi mai 320 ko FLAC, wato fayil ɗin waƙa da ba'a rage mashi inganci ba. Kuma juya mai 128 ta koma 320 baya dawo da komai, wuri kawai zata ci. Tsofaffin waƙoƙin da aka kwaso daga kaset kuma a bar su yadda suke, in ka cika masu bes muryar mawaƙin da 'yan amshi nutsewa take yi.

Wajen ƙara murya ma ana kuskure, a VLC, manhajar kunna waƙa da bidiyo, mutum ya ja ta wuce 100 sai sauti ya riƙa tsagewa. Bar ta a 100, ta Windows wajen 80, sauran ka riƙa juyawa a amfilifaya. Ka kashe ƙararrakin Windows kuma, kar ana cikin sauraron karatu bayan isha'i wani ƙarar saƙo ya razana mutanen gida.

Sifiku kuwa ba'a jera su wuri ɗaya ko a cusa su lungu. Ɗaya dama ɗaya hagu, tazarar da ke tsakaninsu ta zo daidai da tazararsu zuwa kujerar da kake zama, su ɗan bar jikin bango. Ka duba wayoyinsu, ja a ja baƙi a baƙi, in ɗaya ta juye bes ɗin sai ya tsere. Lambar ƙarfin sifika ta PMPO da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a kwali kar ta ruɗe ka, RMS zaka tambaya, ita ke nuna ainihin ƙarfinta.

Sai yanayin garinmu, ƙurar hunturu da zafin Afrilu. Kar a rufe kwamfuta cikin kabad ko a aje ta kan kafet, kuma yadin adon da uwargida ke shimfiɗawa kan kayan kallo a lallaɓa ta a ɗage shi daga kan ramukan iskar amfilifaya in tana kunne. In hunturu ya wuce a kai kwamfutar a buɗe a hure mata fanka.