Kurakuran da Sababbin Masu Binciken Mutuwar Ɗaurarru Suke Yawan Tafkawa

Na daɗe ina aikin bin kadin koke-koken ɗaurarru da binciken mutuwar waɗanda suka cika a hannun hukuma, ko a gidan gyaran hali ko a ɗakin tsare mutane na ofishin 'yan sanda, kuma duk sa'ad da aka kawo mini rahoton sabon ma'aikaci in duba, kurakurai iri ɗaya nake tararwa. Wasunsu ni ma na yi su, biyu daga ciki kuwa har yau suna damuna, saboda haka a kansu zan fi tsayawa.

Na farko shi ne barin gawa ta fita kafin a duba ta. A shekarata ta biyu a aikin, an sanar da mu da safe cewa wani saurayi mai jiran shari'a ya rasu cikin dare. Na tsaya jiran takardar izini da motar ofis, ban isa ba sai bayan azahar, na tarar an riga an miƙa shi ga mahaifinsa, an yi masa wanka da sutura, an kai shi makwancinsa. Takardar da aka ba ni ta ce zazzaɓi ne. Bayan makonni, dattijon da ya yi masa wanka ya faɗa mini cewa ya ga shaidar ɗauri a wuyan hannayensa da kumburi a tafin ƙafafunsa. Ba hoto, ba likitan da ya gani, iyalin kuma suka ce ba za a tone musu ɗa ba, ban kuwa ga laifinsu ba. Haka aka rufe maganar da zazzaɓi, alhali da na isa da hantsi da ba a rufe ta haka ba.

A ƙasarmu gaggauta jana'iza addini ne da mutunci, kuma mai son ɓoye laifi ya san da haka sarai. Abin da nake yi yanzu shi ne, da zarar labari ya iso ni, kafin in nemi mota, sai in kira shugaban wurin in ce kada gawa ta motsa, in bi da saƙon waya domin lokacin ya zauna a rubuce. Daga nan ni da kaina nake zuwa wurin iyalin, in yi musu ta'aziyya tukuna, sannan in ce wa mahaifin: "Baba, Allah ya ba ku haƙuri. Sa'o'i kaɗan nake roƙo, domin a san abin da ya sami yaronku." Mafi yawansu suna yarda idan ba su ji an yi musu gadara ba. Ƙa'idojin Mandela, wato ƙa'idojin kula da ɗaurarru waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ce a sanar da kowace mutuwa nan take ga hukumar da ba ta ƙarƙashin gidan yarin, a kuma mayar wa dangi gawa da wuri gwargwadon hali, don haka ba a nemi ka wahalar da kowa ba. Idan iyali sun ƙi a tsaga gawa, a ƙalla likitan da ba na gidan ba ya duba jikin daga kai har ƙafa, a ɗauki hoton gaba da baya, da wuyan hannu, da tafin ƙafa, da cikin baki, da ma'auni a gefen kowane rauni. A rubuta ko gawar ta sandare da inda jini ya kwanta a jikinta, domin sau da yawa za a ce maka mutum ya cika a hanyar asibiti, alhali an sauke shi daga mota a sandare, abin da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya faru.

Kada kuma ku karɓi "zuciyarsa ce ta tsaya" a matsayin sanadin mutuwa. Kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya, tambayar ita ce me ya tsayar da ita.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya fi ɓata mini rai idan na gan shi a rahoto, wato yi wa ɗaurarre tambaya ganduroba na tsaye a kansa, ko a ofishin shugaban gida, sannan a rubuta cewa mai koke ya janye kokensa. Don Allah me kuke tsammanin zai faɗa? Kai za ka koma gidanka da yamma, shi kuwa hannun wanda ya kai ƙara ne zai rufe masa ƙofa a daren. Ƙa'ida ta 56 ta Ƙa'idojin Mandela ta ba shi haƙƙin yin magana da mai bincike a asirce, ba tare da wani ma'aikaci a wurin ba, kuma idan ba ka nema masa wannan haƙƙi ba babu wanda zai nema masa. Ku tuna kuma ba ganduroba kaɗai ake tsoro ba, akwai shugaban ɗaki daga cikin ɗaurarrun, wanda yake raba wurin kwana, kuma sau da yawa kunnen ma'aikata ne.

Ni kaina na taɓa sa sunan wani mai koke a wasiƙar neman bayani, ina ganin hakan ne tsarin aiki. Da na koma bayan mako biyu an mayar da shi wani gida mai nisan gaske, inda tsohuwarsa ba ta da kuɗin motar zuwa duba shi. Tun daga ranar ba na kiran mutum ɗaya. Nakan zaɓi mutum goma ko fiye daga rajista da kaina, in gana da kowa shi kaɗai, in ba kowa lokaci daidai, yadda ba wanda zai gane wanda na zo dominsa. Ba na rubuta suna sai mutum ya amince bayan na bayyana masa abin da zai iya biyo baya, kuma ina komawa in gan shi da idona. Wasu abokan aiki suna ganin wannan ɓata lokaci ne, ni dai ban daina ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna kashe bincike. A ɗauki hoton littafin masu gadin dare da rajistar ɗakin magani a ranar farko, domin littafin da aka yi alkawarin kawo maka gobe yakan zo da sabon rubutu. Kada wanda ake tuhuma ko abokin aikinsa ya zama tafinta. Kada laifin da ake zargin mutum da shi ya sa ka raina maganarsa, balle ma mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ba ta keɓe kowa ba.

Akwai kuma masu naɗe takarda da zarar an ce tarin fuka ne ko gudawa, wai ajali ne. Ajali gaskiya ne, amma aikinka shi ne ka gano ranar da ya fara tari, da wanda ya faɗa wa, da kwana nawa aka yi kafin a kai shi wurin likita, da mutum nawa suke kwana a ɗakin da aka gina wa kaɗan. Idan ka zo rubuta shawarwari, kada ka ce "a inganta kula da lafiya", ka faɗi abin da za a yi, da ofishin da zai yi, da ranar da za ka dawo ka duba. Sannan kafin rahoton ya tafi sama, ka koma gidan mamacin ka zauna da iyayensa, ka karanta musu abin da ka gano da harshen da suke ji, domin na sha tarar da uwar da aka gama binciken ɗanta shekara guda ba wanda ya zo ya faɗa mata.