Yadda na sa bogenbiliyar gidanmu ta yi fure

Bogenbiliyar da ke jikin katangarmu, wato shukar adon nan mai yaɗo, ta yi kore shar, rassa har sun haura waje, amma ko fure ɗaya babu. Da na duba gindinta, sai na ga ruwan alwala da na wanke-wanke duk nan yake gangarawa, ga kashin kaji da yara ke zuba mata. Daɗi ne ya yi mata yawa. Kashin kaji da takin yuriya cike suke da sinadarin naitirojin, shi kuwa ganye yake ƙarawa. Ita wannan shuka, 'yar asalin Kudancin Amurka, sai ta ɗan sha ƙishi take fure, shi ya sa ta fi kyau da rani.

Na karkatar da magudanar, na hana taki, ba na ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ganyen ya fara yaushi. Na kuma sare reshen darbejiyar da ke tare mata rana, don tana son hasken awa 6 ko fiye a wuni. Dogayen rassan na rage su sau ɗaya, tunda a sabon toho take fure.

Da hunturu ya shigo, katangar ta rufe da ja.